Yadda Ake Kafa Madogara da Aya, Hadisi da Littattafan Malamai a Rubutun Bincike

Madogara ita ce alamar da mai rubutu yake sakawa domin ya nuna inda ya ɗauko magana, ta yadda mai karatu zai iya tashi ya je wurin ya gani da idonsa. Manazarta kuwa ita ce jerin littattafan da ake kawowa a ƙarshen kundi. Ɗalibanmu da ke rubuta kundin kammala karatu, ko a Jami'ar Musulunci ta Say ne ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ana neman su da duka biyun.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan Hijira, ya ɗauki isnadi wani yanki ne na addini. Bambancin kawai shi ne, magabata suna ambaton mutane, mu kuma muna ambaton bugu da shafi.

Tsare-tsaren da jami'o'i suka fi bi uku ne: APA, MLA da Chicago, kuma dukkansu daga Amurka suka fito. APA yana sa sunan marubuci da shekara a cikin baka a tsakiyar rubutu, bugunsa na 7 ya fito a 2019. MLA yana sa suna da shafi. Chicago ya ba da damar rubuta madogara a ƙasan shafi, wannan ne kuma ya fi kusa da abin da masu rubutu da Larabci suka saba. Ɗalibi ya tambayi sashensu wanne ake bi, ya riƙe shi tun daga farko har ƙarshe. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen littattafanmu, domin ba don su aka fara tsara waɗannan ƙa'idoji ba.

Mu fara da Alƙur'ani. Ba a kafa masa madogara da shafi, sai da sura da aya, kamar haka: Baƙara 2:255. Amma akwai abin da mu mutanen Warshu ya kamata mu kula da shi. Mushafin Hafsu yana bin ƙidayar Kufa, ayoyi 6236. Mafi yawan bugun Warshu suna bin ƙidayar Madina ta ƙarshe, ayoyi 6214. Lafazi bai ragu ba, wurin tsayuwar aya ne ya bambanta. Suratul Baƙara tana da aya 286 a ƙidayar Kufa, 285 a ta Madina. Ayatul Kursiyyu da aka sani da lamba 255 ta zama ayoyi biyu a ƙidayar Madina, 253 da 254. To idan ɗalibi ya ɗauko lamba daga Mushafin gidansu, malamin da ke duba aikin kuma ya buɗe na Hafsu, sai ya ga aya ba ta wurin, ya ɗauka kuskure ne. Maganin abin layi ɗaya ne a gabatarwa, a faɗi riwaya da ƙidayar da aka bi. Idan kuma fassara aka kawo, a ambaci mai ita, ta Shaihu Abubakar Gumi ce ko ta Shaihu Nasiru Kabara, ko kuwa ɗalibin ne ya fassara da kansa.

Hadisi ya fi wuya. "Buhari ya ruwaito" ya wadatar a kan mumbari, amma bai wadatar a kundi ba. Hadisin niyya, alal misali, Buhari ya kawo shi a wurare bakwai, kuma lafuzzan ba duka suke ɗaya ba. A Sahihu Muslim lambarsa 1907 a ƙidayar Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, amma a wasu bugu da suke ƙirga maimaici lambar ta haura 4000. Saboda haka lamba kaɗai ba ta kai mutum gida. Mu a ganinmu abin da ya fi aminci shi ne a rubuta sunan littafi, sannan kitabi, sannan babi, sannan lamba, a kuma faɗi ƙidayar wa aka bi. Kitabi da babi su ne suke ceton mai nema idan bugunsa ya saɓa da naka. Wanda ya ɗauko daga Muwaɗɗa ya ƙara da riwaya, domin ta Yahaya Allaisi da muka saba da ita daban take da ta Muhammad Asshaibani. In hadisin ba a Buhari ko Muslim yake ba, a faɗi wanda ya inganta shi ko ya raunana shi, da inda ya faɗi haka.

Littattafan fiƙihu da tafsiri suna bin tsarin sauran littattafai: marubuci, sunan littafi, mai tahƙiƙi, mawallafa, gari, shekara, juzu'i da shafi. Shekarar da ake nufi ta bugu ce, ba ta rasuwar malami ba. In ta Hijira ce aka buga, a rubuta ta yadda take, a nuna cewa Hijira ce. Wajen jera sunaye ba a lissafa "al" ta farkon suna, sai a nemi Alƙurɗubi a ƙarƙashin harafin da ke bayanta. Masu amfani da Maktabatus Shamila su duba ko an ce shafukan sun dace da bugun takarda kafin su kwafi lamba.

Rubutun hannu, irin waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, ana ambaton wurin ajiya, lambar kundin, da waraƙa. Hira da dattijo ko malami kuma a rubuta rana da gari, bayan an nemi izininsa.

Akwai kuskure guda da muke yawan gani. Ɗalibi ya karanta maganar Ibnu Hajar a littafin wani marubucin zamani, sai ya rubuta Fathul Bari da juzu'i da shafi kamar shi ya buɗe. Idan marubucin ya yi kuskuren shafi, ɗalibi ya gaji kuskuren, kuma ya yi iƙirarin karatun da bai yi ba. Tsare-tsaren nan uku duka sun tanadi hanyar da za a ce "kamar yadda wane ya naƙalto". Idan littafin asali yana samuwa, a je a duba shi, idan kuwa bai samu ba, a ambaci wanda aka gani a wurinsa.