Beran da Ya Yi wa Makafin Bawku Jagora

Kafin 1974, wanda ya bi hanyar Bawku zuwa Zebilla zai ratsa ƙasa mai albarka a gaɓar Farin Volta wadda ba mai noma ta. Mutane sun gudu sun bar kufai saboda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Cizonsa ke dasa tsutsa a jiki, 'ya'yanta su bazu a fata da ƙaiƙayi mai hana barci, su shiga ido su jawo makanta. A ƙauyukan da suka rage, magidanci ɗan shekara arba'in na riƙe da sanda, yaro na gaba yana ja.

Wani abin mamaki, ita wannan tsutsa ba ta girma a jikin bera, amma magungunanta biyu ta hannun bera suka biyo. A 1947 masu bincike a Amurka suka gwada maganin DEC a kan beran auduga mai ɗauke da wata tsutsa 'yar uwarta, ya kuwa yi aiki. Da aka ba mutane, sai ya riƙa kashe 'ya'yan tsutsar lokaci guda, jiki ya kumbura, idon wasu ya ƙara lalacewa. Beran bai nuna wannan ba, don tsutsarsa a ƙirji take zama.

Na biyun daga ƙasa ya fito. Satoshi Omura ya ɗebo ƙasa a Japan, ya raino ƙwayar halittar da ke cikinta, ya aika wa kamfanin Merck, inda aka cuɗa ta a abincin beraye masu tsutsar ciki. Suka warke tas. Daga nan William Campbell da abokan aikinsa suka samar da ivermectin, Dokta Kwablah Awadzi ya gwada shi a kan marasa lafiya a Tamale, a 1987 kuma Merck ya fara ba da shi kyauta da sunan Mectizan. A lokacin jiragen Hukumar Lafiya ta Duniya sun yi shekaru suna feshin kogunan yankin don kashe ƙudan.

A 2002 aka koma kan idon beran kansa. Aka yi masa allurar ruwan tsutsar, aka gano cewa wata ƙwayar cuta, Wolbachia, da ke zaune cikin tsutsar ce ke tayar da kumburin da ke rufe baƙin ido da farin hazo.