Tsibiran Tafkin Chadi da Al'ummar Buduma

Buduma al'umma ce da ke zaune a tsibiran Tafkin Chadi, inda iyakokin Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru suka haɗu. Barebari ne suka laƙaba musu wannan suna. Su kuwa Yedina suke kiran kansu. Kamun kifi da kiwo ne sana'arsu, kuma an san su da shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri don neman makiyaya.

Abin da ya fi fito da sunansu a duniya shi ne kwale-kwalen da suke ɗaurawa da dogayen ciyayin ruwa, ba katako ba ƙusa. Da shi suka riƙa tsallakar da kanwa zuwa gaɓar Borno, fatake su kwasa zuwa ƙasar Hausa. Irin wannan fasaha tana nan a Tafkin Titikaka da ke tsaunukan Andes, tsakanin Peru da Bolibiya, inda mutanen Uros ke gina tsibirai sukutum da ciyawa. A 1969 Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Norwe, ya ɗauki gwanaye daga Tafkin Chadi suka ɗaura masa jirgin Ra, domin ya tsallake Tekun Atilantika daga Maroko. Jirgin ya lalace kafin ya kai gaci. A 1970 ya koma wa mutanen Titikaka, jirginsu Ra II kuwa ya isa Babados.

Daga nan makomar tafkunan biyu ta bambanta. Uros na karɓar 'yan yawon buɗe ido kullum daga garin Puno. Tafkin Chadi kuwa, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawan ruwansa, har garin Baga ya yi nisa da gaɓa. Sai kuma rikicin Boko Haram: an kai wa Baga mummunan hari a Janairun 2015, kuma a shekarar ce Nijar ta kwashe mazauna tsibiranta.

Don haka ziyarar tsibiran daga ɓangaren Nijeriya ba tafiya ce da mai hankali zai yi ba tare da iznin jami'an tsaro ba. Ɗan kasuwar Kakuri ko Sabon Tasha a Kaduna ya fi jin labarin tafkin ta farashin bandar kifi, wadda ke tashi duk lokacin da hanyar Baga zuwa Maiduguri ta rufe.