Maƙabartar Mai Giginya da Alamomin Kaburburan Bayin Allah

 

Ya 'yan'uwa, tun farkon shekarun 1950 da Maulana Shehu Nasiru Kabara, Allah Ya ƙara masa yarda, ya assasa Maukibi, jama'a ke tasowa daga Gidan Kadiriyya a watan Rabi'us Sani, da tutoci da bandiri, zuwa maƙabartar Wali Mai Giginya. Shehu ya koma ga Ubangijinsa a 1996, khalifansa Shehu Ƙaribullahi ya ci gaba da jan wannan zango.

Wanda ya ga ƙubbar Sidi Abdulƙadir Jilani a Bagadaza, wanda ya rasu a 561 bayan Hijira, ko ya ziyarci Hubbaren Shehu Usmanu a Sakkwato, zai yi tsammanin irin wannan gini a nan. Abin da zai tarar sai tudun ƙasa. Malamanmu sun karantar da mu a Risala cewa gini a kan kabari makaruhi ne, Kanawa kuwa suka riƙe haka ga mafi yawan mamatansu. Ana rufe ɗan kabari da itace da fasassun tukwane, a toshe da jiƙaƙƙiyar ƙasa, a tada tudu kamar taki guda, wani lokaci a kafa guntun tulu a wajen kai.

To, da me ake gane makwancin waliyyi? Da bishiya. Dubi laƙubban: Mai Giginya, Mai Aduwa, Mai Geza. Itacen da ya yi wa kabari inuwa shi ya zama allonsa, har ya rinjayi sunan yanka a bakin jama'a. A ganina babu adon da ya fi wannan dacewa da mutanen da suka guje wa shahara suna raye.

Sai dai bishiya tana faɗuwa, damina tana baje tudu, farantin ƙarfen da ake rubuta suna a kai yanzu tsatsa na cinye shi. Mu da muke tahowa daga Gwarzo da Kabo ta Kabuga, a da dattijo ne ke riƙe hannun yaro yana nuna masa kabari, yana faɗin mai shi da malaman da ya yi karatu a wajensu. Mahaifina haka ya yi mini, na kuwa yi sakaci ban rubuta ba, yau rabin sunayen sun kuɓuce mini. Ina roƙon kowane muƙaddami da ya zo da dattijo a tawagarsa bana, ya haɗa shi da almajiri mai alƙalami da takarda kafin a shiga maƙabarta.