Lalacewar Ƙwayoyin Gado Masu Danne Ƙari a Sankarar Babban Hanji da Dubura Wadda Ba a Gada Ba

Tsakure

Galibin masu sankarar babban hanji da dubura ba gadonta suka yi ba. Lalacewar tana faruwa ne a cikin tantanin hanjinsu a tsawon rayuwa. Wannan maƙala ta nazarci rawar da ƙwayoyin gado uku, APC da TP53 da SMAD4, suke takawa, ta kuma nuna cewa tsarin da aka saba koyarwa ba ya bayyana kowane ƙari, musamman idan aka dubi sakamakon da aka samu a Nijeriya.

Gabatarwa

A shekarar 1971 Alfred Knudson ya bayyana cewa ƙwayar gado mai danne ƙari ba ta daina aiki sai an lalata kwafinta biyu, na uwa da na uba. Wanda ya gaji cutar an haife shi da kwafi ɗaya a lalace. Wanda bai gada ba kuwa sai duka biyun sun lalace a cikin tantani guda, shi ya sa cutar kan jinkirta har girma ya zo. A 1990 Eric Fearon da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka ɗora wannan fahimta a kan hanji, suka nuna yadda lafiyayyen tantani yake zama tsiro, tsiron ya girma, daga bisani ya rikiɗe ya koma sankara, abin da kan ɗauki shekara goma ko fiye.

APC: inda ɓarnar take farawa

Bangon hanji cike yake da ƙananan ramuka. A gindin kowane rami ake haifar sabbin tantani, su riƙa haurowa sama, cikin 'yan kwanaki su zube a fitar da su tare da bayan gida. Furotin ɗin APC, wanda ƙwayar gadonsa take kan kuromosom na 5, shi ne birkin wannan tafiya: yana taimakawa a rushe furotin beta-katenin, mai umartar tantani ya ci gaba da rarrabuwa. Idan APC ya lalace sai beta-katenin ya taru, ya shiga cibiyar tantanin, ya kunna ƙwayoyin gado irin su MYC. Tantanin da ya kamata ya zube sai ya zauna yana hayayyafa.

Abin lura shi ne lalacewar ba ta faɗawa ko'ina. Furotin ɗin yana da amino asid 2843, amma yawancin sauye-sauyen suna taruwa ne tsakanin kodon 1286 da 1513, kuma suna datse furotin ɗin ne, ba su kawar da shi gaba ɗaya ba. Guntun da ya rage yana riƙe ɗan ƙarfinsa. Bayanin da ya fi gamsarwa shi ne ƙarin yana bunƙasa da matsakaicin beta-katenin. Idan ya yi yawa fiye da kima tantanin kansa ba ya jurewa.

TP53 da SMAD4

TP53, a kan kuromosom na 17, tana dakatar da tantanin da sinadarin gadonsa ya samu rauni, ko ta sa ya mutu. Ba kasafai ake ganin lalacewarta a ƙaramin tsiro ba. Tana bayyana ne a gaɓar da tsiro yake komawa sankara, kuma sau da yawa amino asid ɗaya ne yake canjawa, kamar a gurbi na 175, 248 ko 273. SMAD4, a kuromosom na 18, ita ma a makare take lalacewa, kuma an danganta rashinta da bazuwar cutar zuwa wasu gaɓoɓi.

Tattaunawa

Binciken TCGA na Amurka da aka wallafa a 2012 ya samu lalacewar APC a kashi 81 cikin ɗari na ƙarin da ba su da yawan sauye-sauye, TP53 a kashi 60, SMAD4 a kashi 10. Kashi 16 na dukkan samfuran, masu yawan sauye-sauye, sun bi wata hanya dabam, mafi yawansu ta toshewar MLH1, mai gyaran kurakuran sinadarin gado.

Sai dai binciken Olusegun Alatise da abokan aikinsa na 2021, wanda ya kwatanta majinyatan kudu maso yammacin Nijeriya da na cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, ya zo da wani hoto. A cikin ƙarin da tsarin gyaransu yake lafiya, ƙasa da rabi ne na 'yan Nijeriya suka nuna lalacewar APC, alhali a New York sun kai kusan uku cikin huɗu. Masu gurguwar tsarin gyara kuwa sun ninka na can fiye da sau uku. Majinyatan Nijeriya sun fi ƙuruciya, ciwon ya fi kama dubura.

A ganina wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Idan ƙari da yawa a nan ba ta ƙofar APC suke shigowa ba, to shekarun fara gwaji da zaɓin magani da aka aro daga waje suna buƙatar a sake auna su. Masu gurguwar tsarin gyara, alal misali, su ne suka fi amfana da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki. Matashin da yake ganin jini a bayan gida yana ta shan maganin basir wata da watanni shi ne yake biyan kuɗin wannan giɓi. Ya kamata asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su riƙa adana samfurin ƙarin da aka cire, a karanta APC da TP53 da furotin ɗin gyara a cikinsu, a haɗa da shekarun majinyaci da gurbin da ciwon ya fito.