Tattasai

Tattasai, wanda ake kira poivron da Faransanci, tsiro ne ɗan dangin tumatir da gauta da barkono. Sunansa na kimiyya Capsicum annuum. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, musamman yankin Meziko, kuma Turawan Sifen da Fotugal ne suka yaɗa shi duniya bayan shekarar 1492.

Ɗanyensa kore ne, idan ya nuna sai ya koma ja ko rawaya, zaƙinsa ya ƙaru. Ba shi da yaji kamar attarugu, shi ya sa ake zuba shi da yawa a miya domin launi da kauri. Yana ɗauke da bitamin C mai yawa.

A Nijar, jihar Diffa ce ta yi suna wajen nomansa, ta hanyar ban ruwa a bakin kogin Komadugu Yobe. Ana shanya shi, a ɗura a buhu, akasarinsa a kai Najeriya. Saboda kuɗin da yake kawowa ake ce masa jan zinariya. A 2015 hukumomi sun hana cinikinsa don toshe wa Boko Haram hanyar samun kuɗi, abin da ya jefa manoma cikin ƙunci kafin a ɗage dokar.