Daga tikitin abinci zuwa rumbun Kafur

A shekarun 1970, ɗan Kafur da ya samu shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ba ya tafiya da ko ƙwayar hatsi. Kawuna yana cikin irin waɗannan ɗaliban. Tikiti yake yaga ya miƙa a zuba masa, safe da rana da dare, ranar Lahadi har da kaza. In ya zo hutu, wuyansa kaɗai ya isa shaida.

A Afrilun 1978 aka ƙara kobo 50 a kuɗin abincin yini. Ɗalibai suka yi bore, suka ce sai Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, ya sauka. Sojoji suka harbe wasu a Samaru. A 1984 kuma gwamnatin Buhari ta janye tallafin abincin ɗungurungum.

Tun daga nan ciyar da ɗalibi ta koma kan rumbun ubansa. Da namu lokacin ya zo, ba na hawa motar Funtua sai da garin masara, da wake, da galan ɗin man gyaɗa da Inna ta toshe bakinsa da leda ta ɗaure da tsumma. Ƙuli-ƙuli da yaji suna ƙasan jaka. Farkon zango mu 'ya'yan manoma ne sarakunan ɗaki, 'ya'yan ma'aikata na zagaye rishonmu suna jiran garau-garau ya nuna. Ƙarshen zango kowa ya koma jiƙa garin kwaki, ci sau ɗaya a yini.

Yanzu masu bincike kan auna nauyin ɗalibi su gwada da tsayinsa, in lissafin ya gaza 18.5 su ce ya rame, in ya kai 25 su ce ƙiba ta fara. Da Indomie da lemon kwalba suka cika shaguna, sai ka tarar da duka biyun a ɗaki guda.

Sai dai ina ganin da wuya su tambayi watan da aka yi awon, alhali a wurinmu nan maganar take. Wandon da telan unguwarmu ya ɗinka mini bayan kaka, rumbu na cike da masara, a watan Agusta sai na ƙara wa bel huda kafin ya zauna, domin lokacin gida ma awo ake yi, kuɗin kuma sun tafi taki.