Rigakafin korona da ƙwallon ƙafa: abin da ya tabbata a gardamar da aka sha yi daga Bande zuwa Dungas

A garin Bande, kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, kamar sauran garuruwan da ke kusa da iyakar Najeriya, zancen allurar rigakafin korona ya daɗe yana haɗuwa da zancen ƙwallo a fada da gidajen kallo. Duk lokacin da wani ɗan wasa ya faɗi a fili, ko wata ƙungiya ta yi ta shan kashi, sai a samu mai ɗora laifin a kan allura. Tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa a wannan gardama, alhali kowace da amsarta: ko allurar tana cutarwa, da kuma ko tana aiki.

Yadda abin ya faro a Nijar

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Yamai ranar 19 ga Maris 2020. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe iyakoki da makarantu, ta hana sallar jam'i, abin da ya jawo tarzoma a Mirya cikin wannan wata. Sai a watan Mayu aka sake buɗe masallatai. A farkon watan na Mayu ne cutar ta kashe ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar.

Allurar kuwa an fara ta ranar 29 ga Maris 2021 da Sinopharm, guda 400,000 da ƙasar Sin ta bayar, kuma firaminista Birji Rafini na cikin waɗanda suka fara miƙa hannu. AstraZeneca ta iso a watan Afrilu ta hanyar shirin COVAX, daga baya Johnson & Johnson mai allura ɗaya tak. Jama'a ba su yi tururuwa ba. Har sai da Nijar ta tura wa Kodebuwa wani kaso na AstraZeneca don kada wa'adinsa ya ƙare a ajiye.

Alƙaluman hukuma sun tsaya a ƙasa da mutum 10,000 da suka kamu, da kimanin 300 da suka rasu. Awon cutar bai kai ƙauyuka sosai ba, saboda haka adadin gaskiya ya fi haka. Sai dai kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, korona kuma tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini ta fi kayarwa. Manomin da bai taɓa binne wanda aka ce korona ce ta kashe shi ba, amma yana ganin masassarar cizon sauro tana cika likitar Magarya da yara kowace damina, ba a rasa gane dalilin da ya sa bai ɗauki abin da zafi ba.

Tushen shakkar

Ba WhatsApp ne ya haifi rashin yardar nan ba, ya dai same ta. A 1995, lokacin wata babbar annobar sanƙarau, an yi wa dubban ƴan Nijar allurar jabu wadda babu magani a cikinta, daga cikin wata gudummawa da ta shigo ta Najeriya. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, kuma shari'ar ba ta kai ga sulhu da gwamnatin jihar Kano ba sai a 2009, a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne na warkarwa, ba rigakafi ba, amma a bakin jama'a duk allurar Bature ce. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin yana hana haihuwa. An koma a Yuli 2004 da wanda aka sayo daga Indunusiya, bayan cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama. Mutumin Bande ko Dungas da ke cin kasuwar Ɓaɓura da Maigatari yana jin waɗannan labarai ne kamar na cikin gida.

Sai kuma abin da ya faru a farkon Afrilu 2020, da wasu likitoci biyu suka tattauna a tashar talabijin ta LCI a Faransa kan yiwuwar gwada wata allura a Afirka. Didier Drogba da Samuel Eto'o da Demba Ba suka yi tir da maganar, shugaban hukumar lafiya ta duniya OMS shi ma ya la'ance ta. Tun daga nan ƙwallo ta shiga zancen, shekara guda kafin allurar farko ta sauka a Yamai.

Tana cutarwa?

Ciwon hannu, zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani. Akwai kuma illa mai tsanani wadda hukumomi da kansu suka bayyana: a Afrilu 2021 hukumar magunguna ta Turai ta ce akwai alaƙa tsakanin AstraZeneca da wani nau'in daskarewar jini da ba kasafai ake samu ba, Amurka ma ta dakatar da Johnson & Johnson na kwana goma kan irin wannan matsala. An kuma samu kumburin tsokar zuciya a wasu samari da aka yi wa Pfizer ko Moderna, galibi mai sauƙi. Duk waɗannan ƙalilan ne cikin miliyoyin allurai. Wanda ya ce babu illa ko kaɗan bai faɗi daidai ba. Batun hana haihuwa kuwa, binciken da aka yi bai nuna shi ba.

Misalin da aka fi kawowa a gidan kallo shi ne Christian Eriksen, wanda zuciyarsa ta tsaya a wasan Danmak da Finlan ranar 12 ga Yuni 2021. Shugabannin ƙungiyarsa ta lokacin, Inter Milan, sun bayyana cewa ba a yi masa allurar ba. Kuma masu shekaru sun tuna Marc-Vivien Foé na Kamaru da ya faɗi ya rasu a fili a birnin Lyon a 2003, tun babu korona. Misalin da ba a cika kawowa ba shi ne Joshua Kimmich na Bayern Munich: ya ƙi allurar, ya kamu da cutar a Nuwamba 2021, huhunsa ya taɓu, bai sake wasa ba har ƙarshen shekarar, daga baya ya ce ya yi nadama.

Tana aiki?

OMS ta amince da Sinopharm ranar 7 ga Mayu 2021, wato makonni bayan Nijar ta fara amfani da ita, ta kuma ce ingancinta ya kai kashi 79 cikin 100. Wannan adadi ba ya nufin mutum 21 cikin 100 za su kwanta. Ma'anarsa ita ce, inda mutum 100 da ba a yi wa allura ba za su yi ciwo, kimanin 21 ne za su yi a cikin irinsu da aka yi wa. Da nau'in Omicron ya ɓulla a Nuwamba 2021, kariya daga kamuwa ta ragu ƙwarai, amma kariya daga kwanciya a likita da mutuwa ta ci gaba da riƙewa. Masu wayar da kai da suka yi ta cewa wanda aka yi wa allura ba zai kamu ba sun yi alƙawarin da allurar ba ta ɗauka ba, kuma masu shakka sun riƙe musu shi.

Gasar CAN ta Kamaru, daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairu 2022, ta faɗo tsakiyar guguwar Omicron. Senegal ta fara gasar babu Édouard Mendy da Kalidou Koulibaly, ta kuma ɗauki kofin. Komoros ta rasa masu tsaron gidanta, ta sa ɗan baya Chaker Alhadhur a raga gaban Kamaru, aka ci ta 2 da 1. Abin da ya cire ƴan wasa daga fili shi ne sakamakon awon cutar.

Ita Mena ba ta je Kamaru ba. Madagaska ta ci ta 6 da 2 a Yamai tun Nuwamba 2019, kafin a ji sunan korona. Aljeriya ta ci ta 6 da 1, sannan 4 da 0, a Oktoba 2021. Amma a gasar CHAN ta farkon 2023, Mena ta ƴan wasan gida ƙarƙashin Harouna Doula ta fitar da Gana da 2 da 0, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya ɗora shan kashin 2021 a kan allura, sai ya ba ta ladan 2023 ma, kuma duka biyun ba su da tushe.

Abin da ya rage a yankin

OMS ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma shakkar ba ta tsaya a kan allura ɗaya ba. Daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙidaya mutum 559 masu sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma fiye da rabin masu ciwon a gundumar Dungas suke. Magarya da Matamai da Mirya ma ba su tsira ba, cutar kuma ta bayyana a Jigawa. Nau'in C ne. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 ta kusan shafe nau'in A, amma ba ta kare mutum daga C, shi ya sa wanda ke da tsohon katinsa ma ake sake kiransa idan annoba ta tashi. A 2024 Najeriya da Nijar sun fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar, har da C. Lokacin sanƙarau a wannan yanki yana farawa ne da hunturu, ya tsananta da bazara, ba ya lafawa sai ruwan sama ya sauka.